Kafin Ka Ɗauki Kwanon Kirsimeti

Ɗana, ga hunturu ya shigo. Leɓe ya fara tsagewa, ƙura ta lulluɓe duwatsu, an kai dawa rumbu, tela kuma ya daina amsa gaisuwa da fara'a saboda ɗinki ya yi masa yawa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ke tafe. A coci mawaƙa sun fara kaiwa dare suna bitar waƙoƙi, Zumuntar Mata ta fitar da anko, yaran makarantar Lahadi suna rigima a kan wanda zai zama Yusufu da wanda za a bari da jaki. Nan da 'yan kwanaki fasto zai hau bagade ya ce lokacin yin shaida ya zo, kowa ya amsa da amin mai ƙarfi, a tashi sujada, kowa ya kama hanyar kasuwa yana ganin maganar ta masu farar kwala ce, waɗanda suka yi karatu a Kagoro ko Bukuru ko Gindiri.

To, da kai nake magana, kai da ba ka da kwala. Kai mai gyaran babur a bakin tasha, da ke 'yata mai sayar da kayan miya, da ke mai aikin dare a asibiti, da kai ɗan bautar ƙasa da aka jefa garin da ba ka san kowa ba. Na ci Kirsimeti sama da 70, na yi koyarwa har na ajiye alli, na kuma tafka kurakurai a wannan sha'ani waɗanda ba na so ka maimaita. Ja kujera.

Ka buɗe Luka sura 2 ka karanta da kanka, kada ka dogara ga wasan kwaikwayon yara. Matiyu da Luka ne kaɗai suka ba da labarin haihuwar. Markus da Yahaya ba su tsaya a kansa ba. Baitalami ba ta fi kilomita 10 daga Urushalima ba, inda Haikali yake, inda firistoci da malaman Attaura suke zaune da littattafansu. Aka tsallake su duka, aka kai labarin wurin masu kwana a daji da tumaki, mutanen da jikinsu ke warin hayaƙi da garke. Me suka yi? Sun je sun gani, sun faɗa wa waɗanda suka tarar abin da aka gaya musu, mutane suka yi mamaki, su kuma suka koma bakin aikinsu. Ba su kafa coci ba, ba su buga takarda ba, Luka bai ma rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Su ne masu shaidar Kirsimeti na farko, kuma duk iliminsu a kan lamarin bai wuce na dare ɗaya ba.

Ka lura da kalmar da muke amfani da ita, shaida. A kotu akwai alƙali, akwai lauya, akwai mai ba da shaida. Kujera ta ukun ce taka. Ba a ɗora maka yanke wa kowa hukunci ba, ba a kuma ɗauke ka aikin kayar da wani a muhawara ba. Mai ba da shaida abin da ya gani yake faɗa, in aka tambaye shi abin da bai gani ba ya ce bai gani ba. Rabin tsoron da ke hana mutanenmu buɗe baki daga nan yake fitowa: suna zaton sai sun zama lauyoyi. Rabin ɓarnar da masu zafin kai ke yi ma daga nan take: sun haye kujerar alƙali.

Haka kuma bishara ta yi tafiya a ƙasarmu tun farko. Turawan mishan kaɗan ne, zazzaɓi kuma bai raga musu ba. Cikin mutum uku da suka sauka Legas a Disambar 1893 da niyyar shigowa arewa, biyu sun mutu kafin 1894 ta ƙare, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya rayu. A Garkida, cikin 1923, a gindin tsamiya aka yi sujadar farko a garin. Da Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, waɗanda suka ɗauke shi zuwa ƙauyuka manoma ne, da malaman firamare, da masu ba da magani a ƙananan asibitoci, da matan da suka koyi karatu da girmansu. A farkon shekarun 1960 aka ga Sabon Rai Don Kowa, talakawan ikilisiya suna fita da ganga da waƙa bayan sun taso daga gona. In ka bi salsalar bangaskiyar gidanku, da wuya ka tarar da bature a ƙarshen igiyar ba tare da ka ratsa ta hannun wani manomi ko wata tsohuwa ba.

Yanzu bari mu zo kan abin da ba a so a ji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shaidar da za ka yi ranar 25 ga Disamba tun Janairu aka fara rubuta ta, kuma maƙwabta ne ke riƙe da littafin. Mai shagon layinku ya san ko kana biyan bashi. Mai ɗakin da ke jikin naka ya san muryar da kake yi wa matarka magana da ita in an rufe ƙofa. Yarinyar da kuka ɗauko daga ƙauye tana yi muku aiki ta san ko ana ba ta abinci a kwano ɗaya da 'ya'yan gida. Na sha ganin mutum ya ɗinka wa iyalinsa kaya kala uku, ya ɗaure akuya a ƙofar gida kowa na gani, alhali mai shago na binsa kuɗin shinkafar Kirsimetin bara. Ranar biki ya fito da Littafi a hammata ya ce wa mai shagon, “Yesu yana ƙaunarka.” Me kake so bawan Allahn nan ya ji? Shi dai kuɗinsa yake gani suna tafiya a jikinka. Saboda haka in kana neman inda za ka fara, fara da littafin bashi. Je ka biya, ko ka rage, ko aƙalla ka tsaya gabansa ka ce, “Malam, ban manta ba, ga abin da ya samu.” In akwai wanda kuka yi shekara ba kwa gaisawa saboda iyakar gona ko faɗan yara, taka ka je gidansa kafin ka sayi ko mudu ɗaya. Ubangiji da kansa ya koyar cewa sulhu da ɗan'uwa yana gaba da kai baiko.

Sai maganar kwano. A garuruwanmu da aka cakuɗa, al'ada ce tsohuwa: ranar Sallah kwanuka su shigo gidan Kirista, ranar Kirsimeti su fita zuwa gidan Musulmi. Yara ne 'yan aike, su dawo da ɗan goro ko alewa a aljihu. Iyayenmu har sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu akuya ko kaza, domin kowa a unguwa ya ci hankalinsa kwance. Na ji wasu matasa suna cewa wannan rauni ne na bangaskiya. Ni ban ga rauni a ciki ba. Bulus ya yi dogon bayani ga Korintiyawa da Romawa a kan kada abincinka ya zama sanadin tuntuɓen wani. Wanda ya miƙa wuƙa ga maƙwabcinsa domin su ci tare, ya fahimci wannan bayanin fiye da mai haddace shi.

Amma kwanon nan akwai yadda ake ɓata shi, kuma ni na taɓa ɓatawa. Shekarar da na fara koyarwa aka tura ni wani gari, na kama haya a gidan wani tela, dattijo mai yawan shiru. Ina sabon aure, jinina na tafasa, ina ganin in ban juyar da garin nan cikin shekara ɗaya ba na ci amanar Ubangiji. Ranar Kirsimeti matata ta dafa shinkafa da miyar kaza, ta zuba masa a kwanon da ya fi kyau cikin kayan aurenta. Kafin yaro ya ɗauka, na faki idonta na cusa takardar wa'azi a ƙarƙashin faifan da aka rufe kwanon. Takardar kuwa ba mai laushi ba ce, irin wadda ke da hoton wuta a bango ce. Da yamma sai ga dattijon da kansa, kwano a wanke. Ya yi sallama, ya ce, “Malam, abinci ya yi daɗi, Allah ya saka da alheri, Allah ya maimaita mana.” Sannan ya miƙo mini takardar a ninke, ya ce, “Wannan kuma ina jin mantuwa aka yi da ita a ciki.” Bai ƙara ko kalma ba. Da shekara ta zagayo, tun ana saura mako matarsa ta gaya wa tawa cewa kada a wahala da su bana.

Na daɗe ina tunanin abin da na yi wa mutumin nan. Na mai da kyauta ƙugiya. Ya buɗe baki ya ci abincin ɗan haya da yake ɗauka kamar ɗansa, sai ya ji ƙarfe a ciki. Daga ranar duk alherin da na yi masa sai ya juya shi ya duba ƙasansa. Don haka, ɗana, in za ka kai abinci, kai abinci. In kana da magana, faɗe ta da bakinka, ido da ido, a lokacin da ya dace, yadda mutum zai iya cewa “a'a” ba tare da ya ji ya ci bashi ba. Kada ka haɗa buhun shinkafa da sharaɗin zuwa coci. Mai yunwa zai zo, zai ma ɗaga hannu in aka ce a ɗaga, amma cikinsa ne ya ɗaga hannun.

Wani kuma zai ƙi karɓa tun daga ƙofa, domin malaminsa ya koya masa kada ya ci abincin wannan biki. Kada ranka ya ɓaci, kada kuma ka koma gida kana cewa “ka ga halinsu.” Mutum ne mai riƙe da abin da aka koya masa, kamar yadda kake riƙe da naka. Ka ce, “Ba komai, Alhaji, Allah ya bar zumunci.” In Fabrairu ta yi, ranar da ba bikin kowa, ka aika masa da doya ko gyaɗa daga gonarka. In an yi masa rasuwa ka je ka zauna a tabarma. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar ba ta san kalanda ba.

Idan ka zauna da mutane haka, tambaya za ta zo da kanta. Bitrus a wasiƙarsa ta fari, sura 3, ya ce mu kasance a shirye mu amsa wa mai tambayar dalilin begenmu, ya kuma ɗaure amsar da tawali'u da ladabi. Ka ga tsarin: tambaya tukuna, sannan amsa. A watan Disamba kuwa tambayoyi sun fi sauƙin fitowa, domin bikin ne ke jawo su. Abokin aikinka zai ce, “Wai da gaske ranar 25 aka haifi Annabi Isa?” Kada ka rantse a kan abin da Littafi bai faɗa ba. Littafi bai ba da rana ba, bai ba da wata ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a 25 ga Disamba daga birnin Rum yake, na shekara ta 336. Har gobe Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke nasu, Armeniyawa kuma 6 ga Janairu. Gaya masa haka kai tsaye: rana ce da ikilisiya ta keɓe don tunawa, haihuwar muke murna da ita. Bishiyar da ake rataya wa fitilu al'adar Jamus ce, tsohon nan mai jar riga da farin gemu kuma an samo shi ne daga labarin wani bishop mai kyauta, Nikolas na Mira, a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya. Ko masanan nan da suka zo daga gabas, Matiyu bai ce su uku ne ba, bai ce sarakuna ne ba. Kyautai ne ya lissafa guda uku. Ranar da mutum ya ga ba ka kare abin da ba shi da tushe, ranar zai fara sauraronka a kan abin da ke da tushe.

Ka kuma sani maƙwabcinka Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan haihuwa. Sura ta 19 a Alƙur'ani sunan Maryamu take ɗauke da shi, ita ce kuma mace ɗaya tak da aka ambata da sunanta a cikinsa. Ya gaskata budurwa ce ta haifi Annabi Isa, ba ya kiran sunansa sai ya haɗa da addu'ar girmamawa. Ya san labarin Musulman farko da suka yi hijira zuwa Habasha, yadda Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta wa Najjashi, sarki Kirista, wani yanki na wannan sura, sarkin kuma ya ƙi miƙa su ga masu nemansu. Saboda haka kada ka shiga maganar kamar mai koya wa jahili. Tambaye shi abin da aka koya masa a kan haihuwar, ka saurara har ya gama. Wanda bai iya sauraro na minti goma ba bai cancanci a saurare shi na minti ɗaya ba.

Sai dai kada ladabi ya kai ka ga ƙarya. Akwai masu cewa “ai duk ɗaya ne” don a rabu lafiya. Ba ɗaya ba ne, shi ma ya sani, kuma zai fi ganin girmanka in ka faɗi inda kuka rabu. Zai ce, “To me ya sa kuke cewa Ɗan Allah? Allah yana haihuwa ne?” A nan mutanenmu da yawa suke rikicewa, ko su harzuƙa. Ka natsu. Ka ce masa ba mu taɓa cewa Allah ya yi aure ya haihu yadda mutane ke haihuwa ba. Mu ma wannan saɓo ne a kunnenmu. Hausa da kanta tana cewa ɗan gari, ɗan hanya, ɗan ƙasa, ba wanda ya ɗauka gari ya yi naƙuda. Misalin bai kai ba, kada ka matsa masa, amma yakan buɗe ƙofa. Abin da muka gaskata shi ne Kalmar Allah da ke tare da shi tun fil'azal ita ce ta ɗauki jikin ɗan'adam a cikin Maryamu, cewa Allah bai tsaya ga aiko da saƙo ba, ya zo da kansa, kuma jaririn nan na komin dabbobi shi ne wanda ya mutu a kan gicciye ya tashi. Faɗi wannan a taƙaice, da muryar da kake ba da labarin gidanku. In ya kawo abin da ya fi ƙarfinka, ka ce, “Wannan ban sani ba, bari in tambaya.” Kada ka taɓa Annabinsa ko Littafinsa da baƙar magana, ko da wasa, ko da shi ya fara taɓa naka. Magana zarar bunu ce, a ƙasar nan kuma mun ga garuruwan da kalma ɗaya ta cinna wa wuta.

Da na ambaci wuta, na san abin da ke ranka. Kana cewa, Baba, kana magana kamar ba ka san inda muke ba. Na sani. Na tuna bama-baman jajibirin Kirsimeti a Jos a 2010. Na tuna cocin Katolika na Madalla a safiyar Kirsimetin 2011, mutane suna fitowa daga sujada da sababbin kaya. Na tuna ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023, inda aka kashe fiye da mutum 100. Akwai gidajen da har yau in Disamba ta kama ba a iya cin abinci. Ba zan ce wa gwauruwar da ta binne miji da 'ya'ya ta ɗauki kwano ta nufi ruga ba. Wanda bai ɗanɗana abin da ta ɗanɗana ba ya yi shiru a gabanta. Ba na kuma cewa a daina tsaro a ƙofar coci ko a daina neman hukuma ta yi adalci ba.

Amma akwai abin da ke damuna duk shekara in yara suna wasan kwaikwayo. Yaro ya yafa tsumma, ya riƙe sanda, aka ce ga makiyaya, jama'a suka yi tafi. A bakin ƙofar cocin kuwa, kalmar nan “makiyaya” ta zama abin da ake faɗa da cije haƙori. Kalma ɗaya ce, ɗana. Masu kisa suna nan, Allah kuma zai tambaye su. Sai dai matar da ke kawo muku nono da man shanu shekara goma ba ta kashe kowa ba, yaron da ke bin shanu a bayan gonarka cikin wannan sanyi da riga ɗaya bai kashe kowa ba. In akwai wanda labarin Luka sura 2 ya fi kama da rayuwarsa a duk ƙaramar hukumarku, shi ne. Ka taɓa tunanin ba shi rigar sanyi? Ka taɓa tambayar mai nonon sunan 'ya'yanta? Ka tuna kuma a wannan Barkin Ladin, a ƙauyen Nghar Yelwa, cikin Yunin 2018, wani limami dattijo, Abubakar Abdullahi, ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Ban san yadda Kirista zai ji wannan labari ya ci gaba da yi wa jama'a guda kuɗin goro ba.

Kada kuma garin hangen nesa ka tsallake na kusa. Mafi yawan waɗanda ke bukatar jin bishara a bikin nan sunayensu Bitrus ne da Rifkatu. Akwai ƙanenka da ya daina zuwa sujada tun da aka yi masa horo a gaban jama'a. Akwai waɗanda ba a ganinsu sai Kirsimeti da Ista, su shigo a ɗarare su zauna a benci na baya, mai sanarwa kuma ya ga dama ce ta yi musu habaici: “Muna yi wa baƙinmu na shekara-shekara maraba.” Aka yi dariya, su kuma suka ƙudura ba za su dawo ba sai baɗi, in ma sun dawo. Kai matsa ka ba ɗayansu wuri, ka buɗe masa Littafin Waƙoƙi ku riƙe tare, in an tashi ka ja shi gida ya ci abinci. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Akwai 'ya'yanka, waɗanda in aka tambaye su mece ce Kirsimeti za su ce sabon takalmi da shinkafa. Kafin a buɗe tukunya ranar, tara su, ka ba babban ya karanta Luka 2 daga aya 1 zuwa 20, da Hausa ko da harshenku na gida, ka bar ƙananan su yi tambayoyinsu na ban dariya. Ba zai ci minti goma sha biyar ba. Ka duba kuma wa zai wuni shi kaɗai: mai gadin layinku, ɗalibin da bai sami kuɗin mota ba, tsohuwar da 'ya'yanta ke Legas, iyalin da suka gudo daga ƙauyensu suna kwana a aji. Iyalin da muke bikin nan dominsu su ma ba su sami masauki ba, daga baya kuma gudun hijira suka yi zuwa Masar.

Abu uku ko huɗu zan faɗa da sauri, don ka riga ka san su. Burukutu da kwalba sun fi kowane mai gardama ɓata mana suna. Unguwa tana kallon wanda aka kwaso daga kwata ranar 26 da rigar da ya je coci da ita. Lasifikar da kuka juya wa gidan maƙwabci har ƙarfe uku na dare ba wa'azi take yi masa ba, hana jaririnsa barci take yi. In lokacin sallarsu ya yi, rage sauti. Ba a taɓa rage wa Ubangiji ɗaukaka da wannan ba. In wani ya amsa gayyatarka ya zo kallon waƙoƙin Kirsimeti, kada ka sa a tashe shi tsaye a tafa masa, kada ka ɗauki hotonsa ka watsa a Facebook kana cewa an yi babban kamu. Kai za ka sami masu yabo, shi zai koma gidan da ba ka san abin da ke jiransa ba. Wanda ya zo maka da tambaya a ɓoye amana ya kawo. Nikodimu ma da dare ya je, ba a kuma tona shi ba. 'Ya'yan mutane kuwa, kada ka ja su da alewa a bayan idon iyayensu. Yadda ba ka so a yi wa naka, kada ka yi wa na wani.

Bari in ƙarasa maka labarin tela. Shekara uku muna gaisuwar fatar baki. A ta huɗu ƙyanda ta shigo gari, ta kama ɗanmu na fari, ana saura kwana tara Kirsimeti. Cikin dare jikinsa ya rikice, ni kuma ba ni da keke. Dattijon nan ya ji kukan matata, ya fito ba wanda ya kira shi, ya goya ni da yaron a kekensa har ɗakin shan magani na garin gaba, cikin sanyin da ke yanka kunne. Yaron bai kwana biyu ba ya koma. Dattijon ne ya yanko farin yadi a shagonsa ya ɗinka abin da muka naɗe shi da shi, ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya bi mu har makabarta ya tsaya daga gefe.

Ranar Kirsimetin ba mu hura wuta ba. Da la'asar sai ga shi da kwano, tuwon dawa da miyar kuka daga ɗakin matarsa. Ya zauna a bakin ƙofa, muka yi shiru mai tsawo. Can ya ce, “Malam, in ba za ka damu ba. Waƙar nan da kuka yi a bakin kabari, na ga maiɗakinka ta share hawaye ta kama rerawa. Me take cewa?” Ba ni da takarda a hannu ranar, ba ni ma da ƙarfin yin wa'azi. Na gaya masa abin da waƙar ke nufi, na gaya masa dalilin da ya sa muke sa rai za mu sake ganin yaron, da wanda muka dogara gare shi a kan haka, tun daga komin dabbobi har kabarin da aka tarar ba kowa. Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Ya ce, “Yau na ji daga bakinka.” Ya yi mana addu'ar haƙuri irin tasu, ya tashi don an kira magariba.

Bai zama Kirista ba. Ya rasu a kan addininsa shekaru da yawa bayan an yi mini canjin wurin aiki, na kuma yi tafiyar yini guda na je gaisuwa. Amma daga waccan shekara kwano ya ci gaba da zirga-zirga tsakanin ɗakunan nan biyu, Sallah da Kirsimeti, ya kuma sake yi mini tambaya sau da dama, wani lokaci muna bakin shagonsa yana taka keken ɗinki. Babban ɗansa, wanda shi ne ƙaramin yaron da ke kawo mana naman layya a lokacin, yanzu ya yi furfura. Duk ranar 24 ga Disamba wayata takan yi ƙara bayan isha'i, in ɗauka in ji ya ce, “Baba, barka da Kirsimeti. Ina kwanon namu?”